Birki Ba Ya Tsinkewa Rana Ɗaya

Duk lokacin da mota ta kashe mutane a ƙasar nan, labarin yakan zo da magana biyu da ba sa rabuwa. Ta farko, birki ne ya tsinke. Ta biyu, tsautsayi ne, kwana ya ƙare. Daga nan sai jana'iza, sai zaman makoki, a ja ragowar motar gefen hanya a bar ta har 'yan gwangwan su zo su yanka. Ba na cewa a tsaya kan gawa ana tuhumar direba, wajen ta'aziyya ba wurin bincike ba ne. Amma binciken yana da ranarsa, mu kuwa mun saba barin ranar ta wuce, muna ganin kamar yin tambaya ja da hukuncin Allah ne. Imani da ƙaddara, alherinta da sharrinta, ɗaya ne daga rukunan imani shida, kuma ba na wasa da shi. Abin da nake tambaya shi ne, wannan imani ne ya umarce mu mu rufe magana a inda muke rufe ta, ko kuwa mu ne muke fakewa da shi don kada a ga sakacinmu?

Ta ƙofar gareji na shigo wannan tambaya. Ina da tsohuwar Land Rover ƙirar Series III mai dogon shasi, wadda ake kira 109 saboda tazarar inci 109 da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya. An ƙera irinta a Solihull ta Ingila daga 1971 zuwa 1985, kuma duk wanda ya yi wayo a Arewa a wancan zamani ya san ta. Ita ce motar malaman gona da malaman dabbobi, motar 'yan sanda da masu allurar rigakafi, mai shiga inda kwalta ba ta kai ba. A gwanjo na sayi tawa, tana zaune kan duwatsu babu taya ko ɗaya. Ba da ita nake neman abinci ba. Sha'awa ce kawai, kamar yadda wani yake kiwon tantabaru. In Asabar ta yi sai in shimfiɗa kwali in shige ƙarƙashinta. Abin da na rasa in nema a Panteka nan Kaduna, ko in aika Ƙofar Ruwa a Kano, wanda ya gagara kuma in kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar mini da irinsa.

Abin da ke jan mutum ga irin waɗannan motoci, a nan ko a Ingila da Ostireliya inda masu wannan sha'awa suke da ƙungiyoyinsu da kasuwanninsu, shi ne ba su ɓoye komai. Babu kwamfuta a cikinsu, babu ciwon da sai an jona wata na'ura kafin a gane shi. Injin fetur ne mai silinda huɗu, lita biyu da kwata, da kafiretonsa da fuloginsa a fili. In ka danna ƙaramar sanda mai kai ruwan ɗorawa da ke kusa da giya, tayoyin gaba su kama aiki. In ka ja mai jan kai baya, ta koma giyar ƙarfi ta hau tudu tana rarrafe. Bodinta na alminiyam ne, domin a 1948 da aka fara ƙera Land Rover ƙarfe yana wuya a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu. Shi ya sa za ka ga bodi garau bayan shekara 40, alhali shasin ƙarfen da ke ɗauke da shi tsatsa ta cinye shi daga ciki. Sai ka bi shi da guduma kana ƙwanƙwasawa, ka ji inda sautin ya mutu, sannan ka san gaskiyarsa. Wanda ya daɗe yana irin wannan aiki tunaninsa yakan sauya. Ba ya iya ganin abu ya lalace bai tambayi daga ina ya faro ba.

Ga yadda birkinta yake. In ka taka feda, ɗan fistin kake turawa a cikin masta, shi kuma ya tura mai ta siraran bututu, na ƙarfe da na roba, zuwa tayoyi huɗu. A kowace taya akwai 'yar silinda da man zai shiga ya buɗe takalman birki su matse duram daga ciki. Abin da ke tsare man nan kada ya zube wasu 'yan robobi ne, faɗin kowace bai wuce inci ɗaya da 'yan kai ba. Motar da in an yi mata lodi ta haura tan biyu, da ran duk wanda ke cikinta da wanda ke tsallaka titi a gabanta, a kan waɗannan robobi suke rataye. Da yawa daga cikin na farko-farkon kuma layin mai ɗaya tal gare su, in ya huje a wuri ɗaya tayoyi huɗun duka sun rasa birki.

Ranar da na kwance duram ɗin baya na hagu sai da na yi ta bugunsa kafin ya saki. Takalman sun jiƙe sharkaf, baƙi ƙirin, ƙura da mai sun cakuɗe sun daskare a jikinsu. Na sa farce na ɗaga murfin robar da ke bakin silinda, wani ruwa mai launin tsatsa ya ɗigo a tafin hannuna. Na shinshina, ban ji warin man birki ba, ƙamshin sabulu na ji. Wani ya taɓa kaɗa ruwan sabulu ya ɗura a madadin mai, abin da kowa a tasha ya san ana yi. Da na zagaya ɓangaren dama sai na tarar da abin da ya fi wannan. An daddage bututun da guduma har ya manne, don kada mai ya kai ga silindar da ke yoyo. Wato motar ta yi ta yawo da birkin taya uku, tana ɗaukar mutane. Wanda ya riƙe gudumar nan ba mantuwa ya yi ba. Ya ga ciwon, ya san maganinsa, ya san kuɗin robar, ya zaɓi guduma. Da a ce ranar nan ta zo motar ta afka cikin kasuwa, da abin da za a ce shi ne birki ya tsinke, Allah ya kiyaye gaba.

Birki kuwa yana daɗewa yana magana kafin ya tafi. Feda takan fara laushi, sai an tattaka sau biyu kafin ta kama. Mota takan ja gefe ɗaya in an taka. Mai yakan riƙa raguwa, bayan taya ya riƙa jiƙewa. Ko babu yoyo ma, shi man birki yana shan danshin iska a hankali. Nau'in da ake kira DOT 4, in sabo ne ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, shi ya sa ake cewa a sauya shi duk shekara biyu. Har yau a tsaunin Mambila na jihar Taraba tsofaffin Land Rover na jigilar mutane da kaya tsakanin Gembu da ƙauyukan kan iyakar Kamaru. Direban da ya san gangaren da ke saukowa Mayo Selbe ba ya ɗora ƙafa kan birki tun daga sama har ƙasa. Ƙaramar giya yake sakawa inji ya riƙe motar, don ya san in duram ya yi zafi mai ya tafasa, feda za ta nutse har ƙasa babu abin da zai kama. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru tsakanin Kano da Legas, yakan jawo benci ya zauna yana kallon aikina. Wata rana ya ga na zubar da silindu masu kama da lafiyayyu na sa sababbi, sai ya girgiza kai.

"Malam, wahalar da kanka kawai kake yi," in ji shi. "Na ga sabuwar mota fil ta kashe mai ita a ranar da ya saye ta. Na ga akwala ta yi shekara ashirin ba ta taɓa ko akuya ba. In kwana ya ƙare, ko birkin jirgi ka sa mata sai an tafi."

Na ce, "Wannan haka yake, Baba. Amma lokacin da kake kan hanya, kana tashi ba ka duba iskar birki ba?"

Ya ce, "Haba! Wane ni? Kullum da asuba sai na zubar da ruwan tankin iska, in zagaya tayoyi ɗaya bayan ɗaya. Yaron motar da ya yi mini wasa da wannan, a ranar yake sauka."

Na daɗe ina juya wannan amsa. Abin da hannunsa ya yi shekara da shekaru ya fi abin da bakinsa ya faɗa kusa da karantarwar malamai, kuma haka yawancinmu muke. Sai dai maganar tasa ma ba daga sama ta faɗo ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ummul Barahin da sharhinta, na Shehu Sanusi mutumin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya ji cewa wuta ba ta ƙonawa da ikon kanta, wuƙa ba ta yanka da ikon kanta, abinci ba ya ƙosarwa da ikon kansa. Allah ne mai halittar ƙuna a lokacin da wuta ta haɗu da abin ƙonawa. Tun kafin shi Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa Tahafutul Falasifa, yana musun cewa haɗuwarsu dole ce ta haifar da ƙuna a hankalce. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, alƙali Bamalike da ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa wanda ya rushe sababi ya rushe ilimi gaba ɗaya, don sanin abu shi ne sanin dalilinsa. Wannan muhawara ta tsallako ƙarnuka ta iso tashar mota, amma a hanya rabinta ya zube. Abin da ya iso kunnen talaka shi ne birki ba ya tsayar da mota, Allah ne ke tsayarwa. Ɗaya rabin bai iso ba.

Ɗaya rabin shi ne, malaman nan ba su taɓa cewa babu alaƙa tsakanin wuta da ƙuna ba. Cewa suka yi alaƙar al'ada ce da Allah ya gudanar a halittarsa, yana iya keta ta in ya so, kamar yadda ya sanyaya wuta ga Annabi Ibrahim. Keta al'ada kuwa mu'ujiza ce ko karama, ba abin da direba zai tsara tafiyarsa a kai ba ne. Gazalin da ya yi maganar auduga, shi ne a Ihya'u Ulumid Din ya lissafa likitanci da lissafi da sana'o'i irin su noma da saƙa a cikin farillan kifaya, waɗanda in gari ya rasa mai yinsu kowa ya yi laifi. Mutumin da bai yarda magani yana da alaƙa da waraka ba ba zai wajabta koyon likitanci ba. A zamaninmu ina ganin kanikanci na gaskiya ya shiga wannan sahu. Cewa jiƙaƙƙen mai yana tafasa da wuri, cewa sabulu yana sa silinda tsatsa, cewa roba tana tsufa, duk tsarin Allah ne da ya shimfiɗa ya kuma ba mu hankalin gane shi. Ko ka bi Ash'arawa irin su Sanusi da Gazali ka kira shi al'ada, ko ka bi Ibn Taimiyya ka ce Allah ya sanya wa sabubba tasiri na haƙiƙa da izininsa, in ka kawo su duka biyun gaban silinda mai yoyo abu ɗaya za su ce maka, ka sauya robar.

Tarihin hijira ma tarihin shirin tafiyar hamada ne. Sayyidina Abubakar ya yi wata huɗu yana kiwata raƙuma biyu domin ranar. An ɗauki ɗan jagora da ya san hanya, Abdullahi bn Uraiƙiɗ, duk da a lokacin bai musulunta ba, saboda ƙwarewarsa da amanarsa. An yi kudu alhali Madina tana arewa, an kwana uku a kogon Saur, an tsara mai kawo abinci da mai kawo labari da mai kora tumaki su shafe sawu. Wanda aka yi wa wannan shiri, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fi kowa sanin cewa Allah zai tsare shi. Haka kuma da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a daga Sarg. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa komawar ma a cikin ƙaddarar take, ya ba shi misalin makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe. Duk wanda ya zaɓa da ƙaddarar Allah ya zaɓa, amma ba wanda zai yaba wa wanda ya kai raƙumansa ƙeƙasasshen.

Inda maganar ta fi fitowa fili shi ne fiƙihu, don shi ba ya barin abu a iska. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda da wuya ka sami garin Hausa da ba a karanta ta, ta ɗora wa mahayin dabba da mai janta da mai kora ta lamunin abin da ta tattake. Ta kuma ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da aka ba su suka tafi da shi wurin aikinsu. Aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kaffarar da a yau take komawa azumin wata biyu a jere. A lura, wannan hukuncin wanda bai yi niyya ba ne. Shari'ar da ta koya mana cewa ajali ba ya gaba ba ya baya, ita ce ta ce duk da haka a biya, a yi azumi. A 1993 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Brunei ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo, sai in abin ya zo ta inda ba shi da ikon kauce masa. Fahimtata ita ce, ƙaddara ana ambatonta ga uwar da ta rasa ɗa don zuciyarta ta sami wurin jingina. Ba a miƙa ta ga mai guduma ya wanke hannu da ita.

Kwalta tana yafe abubuwa da yawa, mota ta mutu ka tura ta gefe ka hau acaɓa. Hamada ba ta yafewa. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara, 33 mata. Yawancinsu 'yan uwanmu ne daga yankin Kance a jihar Damagaram, sun nufi Tamanrasat neman abin kai wa baka. Motoci biyu ne suka ɗauko su. Ɗaya ta lalace, ɗayar ta sauke mutanenta ta juya neman kayan gyara, ita ma ta tsaya. Ƙishirwa ta yi sauran. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Allah ya jiƙansu, kwanansu ne ya ƙare, babu shakka. Amma akwai wanda ya karɓi kuɗinsu, ya loda mutum fiye da 100 a motoci biyu, ya shiga da su inda babu rijiya babu inuwa. Direbobin Agadas na ƙwarai, masu Land Cruiser da suka san Tenere, ba haka suke shiga ba. Suna tafiya ne a ayari, da ruwan da ya fi na kwanakin tafiyar, da fambel da sifirin na ajiya, da faifan ƙarfen fitar da taya daga rairayi. Ba su fi kowa ƙarancin tawakkali ba, sun dai san cewa ran da ke bayan motar amana ne.

Mu masu wannan sha'awa ma maganar ta hau kanmu, har ta fi. Mai gyara yana mayar da mota yadda maƙerinta ya tsara ta. Mai sauya ƙira kuwa ya shiga sahun maƙera, nauyin da ke kan injiniya ya dawo wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba. Kuma kwaɗayin sauyin yana da ƙarfi. Ka ga hoton wata an ɗaga ta sama, an sa mata manyan tayoyi da ragar kaya a rufi da ƙaton ƙarfe a gaba, ranka ya biya. Amma kowane ɗaya yana da farashin da ba a kanti ake biyansa ba. Ɗaga mota da loda rufinta suna mayar da nauyinta sama, ta zama mai saurin kifewa a kwana. Taya da ta fi 7.50 mai inci 16 da aka tsara mata girma tana ƙara wa birki aiki, tana kuma murɗe sandunan aksil. Ƙarfen gaba yana kare fitilarka daga saniya, amma in yaro ya gitta shi ne zai fara samunsa, kuma ba ya lanƙwashewa.

Babbar jarrabawar ita ce inji. Nata na asali ƙarfinsa wajen doki 70 ne, da ƙyar take kai kilomita 100 a awa, kuma birkinta daidai wannan gudun aka auna shi. Da yawa suna cire shi su sa na dizal irin 200Tdi da ya fito a 1989, mai ƙarfin doki fiye da 100, ko wani na Toyota da aka samu a kasuwa. Mota ta sami gudun da ba ta taɓa sani ba, birki kuwa yana nan na 1970 da wani abu. An yi mini tayin irin wannan inji a farashi mai sauƙi, na ce a'a. Kuɗin na kashe su wajen mayar da birkin layi biyu, in ɗaya ya huje ɗaya ya riƙe, da sababbin bututu, da bel ɗin kujera. Ba abin da za a gani a yaba ne ba, mai wucewa ba zai san an yi komai ba. Amma ban ga ta yadda zan tsaya gaban Allah in ce tsautsayi ne, alhali ni na ƙara mata gudu da hannuna na bar mata tsohon birki ba. Ranar da zan sayar da ita kuma wajibi ne in faɗa wa mai saye duk abin da na taɓa da duk inda aka yi walda, don ɓoye aibi algus ne. Masu cewa wannan sha'awa almubazzaranci ce ina jin su, kuma tana iya zama hakan in ta ci haƙƙin iyali ko ta ci lokacin salla. In ba ta ci ba, raya abin da aka yar ya fi kusa da tattali.

Da na gama haɗa birkin sai da muka fitar da iskar da ke cikin layin. Aikin mutum biyu ne. Ɗana ya hau kujerar direba, ni ina kwance wajen taya da sifana da 'yar kwalba. In ce, "Taka." Ya taka. "Riƙe." In sassauta noti, mai ya fito da kumfa, in ɗaure. "Saki." Haka muka bi taya huɗu, muka sake zagayowa, don birkin gaba na 109 silinda biyu-biyu gare shi kuma iska tana son maƙalewa a ciki. Can sai na ji ya ce, "Abba, ta yi tauri!" Na ce ya yi bismilla ya tayar.

To a nan ne wani haɗarin yake, na zuciya. Wanda ya san kowane noti a motarsa yana iya fara jin cewa shi ke riƙe da ransa. Wannan ma ɓata ne, kuma motar da kanta takan warkar da mutum daga shi. A bakin wani rafi a hanyar ƙauyenmu, da damina, ina hawa gaɓa a hankali sai na ji ƙas daga baya, inji yana kuka mota ba ta motsi. Sandar aksil ce ta karye, sabuwa, wadda na duba da idona kafin in sa. Da na zare ta daga baya na ga tsagar ta faro ne daga cikin ƙarfen, inda ido ba ya kaiwa. Na danna mai ruwan ɗorawa muka lallaɓa gida da tayoyin gaba. A irin wannan wuri kalmar ƙaddara takan zauna daram, kuma tana da daɗi a baki, don babu abin da take rufewa. Maganar dattijon nan gaskiya ce, sabuwar mota tana kashe mai ita. Bambancin shi ne, wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa in ya ce Allah ya ƙaddara, gaskiya ya faɗa kuma ya huta. Wanda ya ɗura ruwan sabulu in ya faɗi haka, kalmomin gaskiya ne amma ya yi amfani da su wajen ƙarya.

Na san ni mai sukuni ne, ina gyara mota don nishaɗi, ba wanda ke jirana da balas da yamma. Direban haya da mai mota ya ɗora wa kuɗin da zai kawo kullum, ga tsadar mai, ga na kan hanya, in ya ce a lallaɓa zuwa mako mai zuwa ba don ba ya son ransa ba ne. Shi ya sa ba na tattara laifin a kansa shi kaɗai. Akwai mai motar da aka gaya wa birki na yoyo ya ce a yi maneji. Akwai bakaniken da ya karɓi kuɗin sabuwa ya mayar da tsohuwa. Akwai mai shagon da ya san robar jabu ce ya sa ta a kwalin ta gaske, da mai sayar da tayar da ta shekara goma a ajiye, alhali lambobi huɗun da ke jikinta suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta. Akwai jami'in da ya karɓi na goro ya sa hannu a takardar lafiyar motar da bai ko leƙa ba. Kowannensu yana salla, da yawa suna sahun gaba, kuma in labarin haɗarin ya zo za su ce Allahu akbar, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ba tare da sun ji komai a ransu ba. Wannan rashin jin shi ne abin da ya fi damuna, don ba taurin zuciya ne ya kawo shi ba. Ba a taɓa gaya musu cewa wannan babi na addini ne ba.

Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ta daɗe tana zagaya tashoshi tana jan kunne, amma direba yana jinta ne a matsayin hukuma mai tara. Muryar da take shiga zuciyarsa ta liman ce. Don haka roƙona ga malamanmu, na zaure da na mumbari, Allah ya ƙara muku lafiya: babin diyya da na lamuni suna nan cikin littattafan da kuke karantarwa kullum. Ku fito da su daga zamanin raƙumi da doki ku kawo su tasha da gareji da kasuwar kayan gyara. Ku ware huɗuba ko da ɗaya ce kafin tafiye-tafiyen salla, ku faɗa wa mai mota da direba da bakanike da mai shago, da Hausar da za su gane, abin da ke wuyan kowannensu in aka rasa rai ta dalilin abin da ya sani ya ƙyale.